Robar kare haƙora ta tsare bakin ɗana da dare, da rana kuwa sai da wani taimakon

Ɗana yana fama da larurar rashin tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD, ga kuma waswasi mai tilasta masa maimaita abu, wato OCD. Da dare cizon haƙora yake yi har ana jin ƙara, da rana kuma ya tauna cikin kunci ko ya dinga tonon dasashi da farce, wai akwai haƙorin da bai zauna daidai ba.

Mun fara da robar da ake tsomawa a ruwan zafi yaro ya cije ta. Ba na ba kowa shawararta: ta yi masa kauri, ba ta kama bakinsa ba, ta koma abin taunawa. Wadda likitan haƙori ya ƙera bayan ya auna bakin, ita ce ta yi aiki. Siririya ce, tana kamawa tsam, kuma bayan 'yan kwanaki na dalalar miyau ya saba. Gyambon kuncin ya warke, ciwon muƙamuƙi da safe ya ragu. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne farin ɓawon haƙoran ya daina cinyewa, domin idan ya tafi ba ya sake tsirowa.

Tana da nata wahalar. Tsakanin shekara 6 zuwa 12 yaro yana famfara, bakin kullum cikin canzawa, saboda haka dole a riƙa komawa ana dubawa, a sake wata idan ta matse. Da ruwan sanyi ake wanke ta, zafi yana lanƙwasa ta.

Kada a sa ran za ta hana tonon dasashi, wannan daga cikin zuciya yake tasowa. Sai da muka haɗa da likitan halayya, yana koya masa gane lokacin da abin ke taso masa, ya dunƙule hannu har ya lafa. Tsawa ba ta ƙara komai sai damuwa.

A kuma gaya wa likitan haƙori magungunan da yaro ke sha. Irin su methylphenidate da ake bayarwa don ADHD, da fluoxetine da ake bayarwa don OCD, kan jawo cizon haƙora ga wasu yara, amma kada a dakatar da su ba da sanin likitan da ya rubuta ba.