Sharhi kan gwajin kwatangwalo na OFA ga manyan karnuka kafin barbara

Na yi amfani da tsarin OFA wajen tantance manyan karnuka irin su Boerboel da Great Dane kafin a haɗa su barbara. A ganina ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa, amma takardarsa kaɗai ba ta isa a ce kare iri ne mai lafiya ba.

OFA (Orthopedic Foundation for Animals) cibiya ce da aka kafa a Amurka a 1966, mazauninta birnin Columbia a jihar Missouri. Babban aikinta duba ciwon sakin kwatangwalo, wato inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin gurbinsa. Yana ta lilo, guringuntsi yana cinyewa, har ya kai ga amosanin gaɓɓai. A kare mai kilo 60 ko 70 abin ba ƙarami ba ne. Za ka ga yana fama kafin ya miƙe da safe, in zai gudu kuma ya ɗaga ƙafafun baya biyu tare kamar zomo. Ciwon gado ne, ƙwayoyin halitta da yawa ke haɗuwa su kawo shi, ƙiba da saurin girma kuma su ƙara masa ƙarfi.

Ba a ba da cikakkiyar shaida sai kare ya cika wata 24. Likitan dabbobi zai kwantar da shi rigingine, ya miƙe ƙafafun baya daidai da juna, ya ɗan juya gwiwoyi ciki, sannan a ɗauki hoton ƙashi. Ƙwararru uku ke duba hoton, kowa shi kaɗai. Matakan sakamako bakwai ne: uku na sama sun ci jarrabawa, ɗaya na kan iyaka, uku na ƙasa ciwon ne, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Gwiwar ƙafar gaba ma a ɗauke ta a rana guda, tunda kare ya riga ya kwanta. Tata matsalar daga mataki na 1 zuwa na 3 ake auna ta.

A wurin ɗaukar hoton ake yawan ɓata aiki. In ƙugu ya karkace ko kaɗan, gefe ɗaya zai fito kamar mai zurfin gurbi, ɗayan kamar ya saki, sai a yi wa kare hukuncin da ba nasa ba. Kafin a tura, a dubi ramuka biyun da ke ƙashin ƙugu: in girmansu bai zo ɗaya ba, a sake ɗauka. Karen da ba a yi wa allurar barci ba yana ɗaure tsoka, wannan kuwa yana iya ɓoye sakin gaɓar. Karya kuma kada a ɗauke ta cikin mako 3 zuwa 4 kafin lokacin neman namiji ko bayansa, domin jijiyoyinta kan saki a lokacin.

Ko an yi komai daidai, kwanciyar kanta tana da rauni: miƙe ƙafafu yana murɗe jakar da ke riƙe gaɓar, sai ta matse ta fito kamar lafiya lau. Nan wani tsarin gwajin kwatangwalo mai suna PennHIP, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Pennsylvania, ya fi na OFA. Hotuna uku yake ɗauka, ɗaya da wani ƙarfe da ke ɗan raba gaɓar, ya ba da lambar da ke nuna yawan sakin gaɓar, tsakanin 0 da 1. Ƙasa da 0.3 haɗari kaɗan ne. Tun kwikwiyo na mako 16 ake iya yi. Sai dai likitan da ya samu horonsu kaɗai ke ɗauka, shi ya sa OFA ya fi sauƙin samu.

Abin da ya fi damuna shi ne, sakamako marar kyau ba ya fita a shafin OFA sai mai karen ya yarda. Mai kiwo na iya gwada karnuka biyar, uku su faɗi, duniya ta ga biyu kawai. Don haka in ka buɗe shafin uban kwikwiyon da kake so, duba 'yan uwansa na ciki ɗaya. Karen da ya ci da matsakaicin sakamako wanda danginsa duk sun ci ya fi mini mai sakamako na ƙoli da ba a ga ko ɗaya daga 'yan uwansa ba.

Zuciya kuwa, sauraro da abin kunne ba ya kama farkon ciwon faɗaɗar zuciya da ke addabar Great Dane. Sai hoton zuciya a wurin ƙwararre, a kuma maimaita duk shekara, domin ciwon kan bayyana bayan kare ya riga ya haifi 'ya'ya. Murɗewar tumbi ba ta da gwaji a nan ko kaɗan. Tambayar tarihin uwa da uba da 'yan uwa ce kawai mafita.

Mai sayen Boerboel ko karen Kokesha (Caucasian Shepherd) a Kaduna, Jos ko Abuja, in an ce masa an gwada iyaye, ya nemi lambar shaidar ya bincika da kansa a shafin. Ya kuma sa likita ya karanta lambar 'yar na'urar da ke ƙarƙashin fatar karen, a ga ko ta yi daidai da wadda ke kan takardar.