Bidiyon alkafura ko takalmin a hannu: wanne ke buɗe ƙofar zauren wasanni?

Ɗan'uwa, ka ce sau biyu kana zuwa wurin manajan wani zauren wasanni domin ya ba ku damar atisaye da takalman tsalle masu sifirin, wato dogayen ƙafafun ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙafa suna cilla mutum sama, sau biyun kuma yana cewa a'a. Yanzu kana tambaya: ka koma masa da bidiyon ƙwararru suna alkafura a sama ko zai burge shi, ko ka ɗauki takalmin da kanka ka je da takarda? Na gwada duka biyun, kuma ba su zo ɗaya ba.

Bidiyo shi ne abin da zuciya ke fara kai mu gare shi, domin shi ya ja mu cikin wasan tun farko. Yana da amfani guda: yawancin manajoji ba su taɓa ganin abin ba. Ba su san wani Bajamushe mai suna Alexander Böck ne ya ƙirƙiro shi ba, har sunan wasan, bocking, daga sunansa ya samo asali. Ba su san an hau irinsa a bikin rufe gasar Olamfik ta Beijing a 2008 ba. Wannan kan sa mutum ya gane ba wasan yara ba ne. Amma iya nan amfaninsa ya tsaya. Kai kana kallon ƙwarewa, shi kuwa yana ganin mutum yana juyi a sama da ƙarfe a ƙafa, yana lissafin wa zai biya kuɗin asibiti. Ranar da na nuna wa wani manaja bidiyo, ko minti ɗaya bai cika ba ya miƙo min wayata ya ce, "Ba a daɓena ba."

Kalmar nan "daɓena" ita ce komai. Daɓen katako na zauren wasanni shi ne abu mafi tsada a hannun manaja, kuma shi za a tuhuma idan ya lalace. Saboda haka a karo na biyu, a wani wurin daban, na ajiye waya a aljihu na ɗora takalmin a kan teburinsa. Na juya shi ya ga ƙasan. Ya sa babban yatsa ya danna robar da ke taka ƙasa, ya shafa ta, ya duba ko ta bar masa baƙi a hannu. Na faɗa masa gaskiya: idan robar ta cinye har ƙarfe ya leƙo, tabbas za ta karce katako. Shi ya sa muke ware roba ta daban wadda ba ta taɓa taka kwalta ba, domin wadda aka yi yawo da ita a waje tana riƙe tsakuwa. Na ce masa a bar ni in yi taku goma a lungun zauren, shi kuma ya duƙa ya duba. Ya duƙa ɗin kuwa.

Bayan daɓe sai rufi. Takalmin na ɗaga mutum kamar santimita 40 daga ƙasa tun bai yi tsalle ba. Ɗora tsawon mutum a kai, ka ƙara tsallen mita ɗaya, za ka ga kansa ya kai zoben ƙwallon kwando, wanda yake mita 3.05. To ka leƙa zauren kafin ka je wurinsa: ina fitilu, ina fankoki, ina allon kwandon? Idan kai ne ka fara nuna masa wuraren da ba za ku kusanta ba, zai san da mai hankali yake magana.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Mutum nawa ne, wa ke jagoranta, kowa da hular kwano da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu da ta wuyan hannu, sabon shiga ba ya tafiya sai da mai riƙe shi, ana duba notuna da maɗaurai kafin a hau, kuma kowane sifirin an yi shi ne daidai da nauyin mai hawansa. Maganar inshora kuwa kada ka jira ya tayar da ita. Ka tambaye shi kai tsaye ko tasu ta haɗa da irin wannan wasa, in ba ta haɗa ba kuma me yake so ku kawo. A nan ne mutum ɗaya ke shan wuya, ƙungiya mai suna da shugaba kuma take samun sauƙi.

Hanya ta biyun nan tana cin lokaci, ban ɓoye maka ba. Za ka yi zirga-zirga, wataƙila ya ce sai ya ji daga na sama da shi. Amma abin da kake roƙo ƙarami ne: awa ɗaya ta gwaji, a lokacin da zauren ba kowa, shi kuma yana tsaye yana kallo. Cewa a'a ga "ku ba mu wuri" abu ne mai sauƙi. Cewa a'a ga awa ɗaya da ba wanda ya kama, kuma za a biya, ya fi wuya.

Wani abu kuma: idan akwai zauren masu wasan alkafura a kusa, fara da shi. Su sun saba da mutane a sama, suna da katifu masu kauri, faɗuwa ba baƙuwarsu ba ce. Damuwarsu ita ce kada ƙarfe ya yaga katifa, sai ka je da shirin naɗe sassan ƙarfen da soso.

Shawarata: ka koma da takalmin da takardar, ka nemi gwaji. Bidiyon ka riƙe shi har sai ya nema da kansa, kuma in ya nema, nuna masa na sabon shiga yana koyon taku a hankali, da hular kwano a kansa da mutum biyu a gefensa.