Littafin gyaran mota na kamfani: yadda na same shi a matsayin mai gyara a gida

Ni dai ba bakanike ba ne, sana'ata daban, amma na daɗe ina taɓa motata da kaina, juyen baƙin mai, canjin birki, fulogi, da ɗan abin da ba a rasa ba na wuta. Littafin da zan yi magana a kai ba ɗan ƙaramin nan ba ne da ake samu a aljihun gaban mota mai gaya maka inda maɓallin waifa yake, a'a, ina nufin ainihin littafin gyara wanda kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta wa ma'aikatan garejinsa. Na yi aiki da shi har gefen shafukan sun yi baƙi da giris, kuma ra'ayina a kansa shi ne yana da kyau matuƙa, babu na biyunsa wajen ba ka adadi na gaskiya da zanen wayarin, amma fa ba malami ba ne, ba zai koya maka gyara ba in ba ka iya ba, kuma duk wanda ya ce maka da shi kaɗai za ka zama gwani bai faɗa maka gaskiya ba.

Abin da zai fara ba ka tsoro girmansa ne. Ba littafi ɗaya ba ne ma a mafi yawan motoci, inji da nasa kundin, giyabos da nasa, birki da sitiyari da ƙafa da nasu, sannan wuta daban. Toyota misali littafin zanen wayarin ɗinsu shi kaɗai yake fitowa, suna ce masa EWD. Shafuka dubbai ne in ka haɗa, kuma kashi mafi yawa ba za ka taɓa buɗe shi ba har ka rabu da motar.

Inda ya biya ni wahalata shi ne adadin ɗauri. Yawancinmu masu gyara a gida da hannu muke auna ɗaurin noti, ka ja har ka ji ya kama sai ka ƙara kaɗan don hankalinka ya kwanta, to wannan ƙarin kaɗan ɗin shi ne yake cinye zare a jikin alminiyam, kuma injinan yanzu kusan duk samansu alminiyam ne. Littafin kamfani kowane noti da kowane bol ya rubuta maka nasa, har ƙananan na murfin bawul. Ɗauki injin 1ZZ-FE na Corolla a matsayin misali, bol goma ne ke riƙe da top silinda, littafin ya zana su da lamba ɗaya zuwa goma a jeren da za ka bi, daga tsakiya kana fita waje, a hankali a zagaye fiye da ɗaya har ka kai 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), sannan ka ɗiga fenti a kan kowane bol ka ƙara juya shi digiri 90. Wannan fentin ba ado ba ne, don ka gane wanda ka juya da wanda ba ka juya ba ne, saboda irin waɗannan bol ɗin miƙewa suke yi in an ɗaure su, shi ya sa ma littafin ya ce ka auna kaurinsu kafin ka mayar, in sun sirance fiye da iyaka ka yar. Wa zai gaya maka wannan a bidiyon minti takwas? Haka tazarar bawul, inji a sanye, na shigar iska 0.15 zuwa 0.25 milimita, na fitar hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. Haka faifan birki, akwai kaurin da in ya yi ƙasa da shi ba maganar gogewa, canji ne kawai. Wannan iyakar lalacewa da yake ba ka a kusan kowane ƙarfe ita ce ta fi burge ni, don ita ke raba ka da sayen abin da bai mutu ba, ta kuma hana ka mayar da wanda ya mutu.

Sai ɓangaren wuta, wanda gaskiya shi ne ya sa na daina kallon kundin a matsayin kayan nauyi. Akwai lokacin da motata ta riƙa shan mai fiye da ƙima, silo ɗinta a sama ko da inji ya yi zafi, ga ɗan baƙin hayaƙi a salansa. Kowa da shawararsa, wannan ya ce nozul, wancan ya ce fulogi, wani ma ya ce burenbos, wato kwamfutar motar, ne gaba ɗaya. Na buɗe littafin a babin sensar zafin ruwa, sai ga ɗan jadawali da layi mai gangarowa, yana nuna cewa a zafin digiri 20 ya kamata mitar awon wuta ta karanta tsakanin om (ma'aunin turjiyar wuta) dubu biyu da dubu uku, a digiri 80 kuma ta sauko wajen om ɗari uku. Na cire sensar, na ɗora ruwa a tsohuwar tukunya, na rataye ta da waya yadda bakinta kawai ke cikin ruwan soket ɗin yana waje kamar yadda zanen ya nuna, ma'aunin zafi a gefe, ina kallon mita ruwa yana ɗumi. Lambar ta sauko tiryan-tiryan yadda littafi ya ce, wato sensar lafiyarta ƙalau. To da a ce hasashe nake bi da na riga na sayi sabuwa. Mataki na gaba a littafin ya ce a auna wayar daga soket ɗin sensa zuwa burenbos, ya ba ni lambar fil ɗin da kalar wayar, na bi ta, sai ga tsatsa kore a wani soket da ke tsakiya wanda ban ma san da zamansa ba sai da na gan shi a zanen. Tsatsar tana ƙara om a kan layin, kwamfutar motar tana ɗauka inji bai yi zafi ba tana ta zuba mai. Wankewa kawai na yi na matse fil ɗin.

Zanen wayarin ɗin yana son a zauna a koye shi, ba a rana ɗaya ake gane shi ba. Kalolin waya da haruffa ake rubuta su, kuma a motocin Japan da yawa B baƙi ne, shuɗi kuwa L ne, in aka rubuta W-B ana nufin farar waya mai ratsin baƙi. Akwai shafukan da suka nuna duk inda aka ɗaure wayar at a jikin bodi, da siffar kowane soket da lambobin ramukansa, da inda kowane fiyus da rile yake. Da zarar idonka ya saba, matsalar da rewaya zai yi yini yana yanke-yanken waya a kanta za ka iya taƙaita ta zuwa waya biyu kana zaune.

Haka lambobin nan da na'ura ke fitarwa in fitilar cek injin ta kama. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka dole su zo da OBD-II, soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma yanzu ƙaramar na'urar karantawa kowa na iya mallaka. Matsalar ita ce lambar ba ta cewa ga abin da ya lalace. Misali, lambar P0171 cewa kawai take yi iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan a cakuɗar da injin ke ƙonawa, amma ko tiyo ne ya tsage, ko sensar iska ce ta yi datti, ko famfon mai ne ya gaji, wannan sai ka bincika. Littafin kamfani yana da tsani na bincike a kan kowace lamba, auna kaza, in ya yi daidai tafi mataki na uku, in bai yi ba tafi na bakwai, kuma ya gaya maka sharaɗin da ke sa kwamfutar ta kunna lambar tun farko. Wallahi ko don wannan kaɗai ya ci kuɗinsa.

To yanzu inda yake ba da haushi. An rubuta shi ne don wanda ya riga ya yi makarantar aikin, kamar takardar da likita ke rubuta wa likita ɗan'uwansa. Sai ka ga layi ɗaya tak, cire altaneta, shi ke nan an wuce, alhali kai wannan layin zai ci maka awa biyu saboda bol na ƙasa ba ya ganuwa kuma hannunka ba ya shiga sai ta bayan taya. Ba ya sanin tsatsa, a duniyarsa duk noti yana kwancewa lafiya kamar jiya motar ta fito, kuma yana ɗauka motar tana sama a kan lif kana tsaye a ƙarƙashinta, ba kana kwance a kan kwali da jak ba. Ga yawan turawa, kana tsakiyar aiki ya ce duba shafi kaza a wani babi, ka je can shi ma ya tura ka wani, yatsunka uku a cikin littafi hannu duk mai. Sannan maganar kayan aiki na musamman, SST, kowane da doguwar lambarsa, wani lokaci da gaske ba makawa sai da shi, wani lokaci kuma soket babba da guntun bututu za su yi aikin, amma littafin ba zai taɓa gaya maka haka ba. A motocin baya-bayan nan abin ya ƙara tsanani, rabin matakan binciken suna farawa ne da haɗa kwamfutar dila, irin su Techstream na Toyota ko HDS na Honda, in ba ka da ita wani tsanin a mataki na biyu za ka tsaya.

Nan ne su Haynes da Chilton, masu buga littattafan gyaran mota don masu gyara a gida, suke da ranarsu. Haynes sun yi suna ne da wargaza mota gaba ɗaya su mayar suna ɗaukar hoto, saboda haka hotuna ne na gaske da hannun mutum a ciki, da bayani irin na wanda ya san kana tsakar gida ne da kayan aiki kaɗan. Sai dai littafi ɗaya yakan haɗa shekaru da yawa da injina daban-daban, don haka dole a taƙaita, musamman wajen wayarin da cikin giyabos. A ƙarshen 2020 Haynes suka sanar cewa sababbin littattafansu ba za su ƙara fitowa a takarda ba sai ta intanet. Ni yadda nake yi, in aikin sabo ne a wurina nakan fara da mai hotuna ko bidiyo don in ga yadda abin yake, adadi da jeren aiki kuma daga na kamfani nake ɗauka, in suka saɓa na kamfani nake bi. Kuma tun dare nake karanta babin gaba ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya, ba daɗi ka kwance rabin inji sannan ka tarar ana buƙatar sabon gaskit da ba ka tanada ba.

Samunsa ma wani aiki ne. Na tsofaffin motoci akwai na takarda, Helm su ne suka daɗe suna buga na Honda da GM da Ford, Bentley kuma an san su da na BMW da Volkswagen. Na sababbi kusan duk sun koma intanet da rajista, Toyota suna da TIS, Volkswagen suna da erWin, kuma ana iya biyan na ɗan gajeren lokaci, wanda ya ishi mai mota ɗaya ya shiga ya ɗebi shafukan da yake so. Dokoki ne suka taimaka aka buɗe wannan ƙofar, Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni ba masu gyara masu zaman kansu bayanan gyara a dokarta ta 2007, jihar Massachusetts a Amurka ma ta yi tata a 2012. Na intanet ɗin yana da fifiko ɗaya babba, yana ɗauke da sanarwar gyare-gyaren da kamfani ke fitarwa bayan mota ta shiga kasuwa, TSB, inda wani lokaci ake canza adadin ɗauri ko a ce ga matsalar da aka gano ga maganinta, abin da na takarda ba zai taɓa sani ba.

Kwafin PDF da ke yawo kyauta kuwa sai a yi hattara. Na ga wanda shafukan wayarin ɗinsa suka dushe har ba ka bambance 3 da 8, na ga wanda babi guda ya ɓace, kuma mafi haɗari shi ne wanda sunan motar daidai ne amma na wata kasuwa ne ko wani inji, komai ya yi kama sai kalar waya ta ƙi haɗuwa. Kafin ka yarda da kowane, duba lambar VIN ɗinka, wato lambar shasin motar, mai harafi da lamba 17, a motocin kasuwar Amurka na goma shi ke nuna shekara, ka kuma duba lambar injin a jikinsa ka tabbata su ne a shafin farko.

Gargaɗin da ke cikinsa ba na cika shafi ba ne. Soket ruwan ɗorawa yawanci na iyabag ne, Toyota sukan ce ka cire kan batir na negatif ka jira daƙiƙa 90 kafin ka taɓa, Honda minti uku, kuma ba a sa mita kai tsaye a kan iyabag. Wayoyi masu kauri ruwan lemo a motar haibirid wutar da ke cikinsu tana kisa, wannan ko littafin yana hannuna ba na zuwa wurin.

Sannan a lura da ma'auni, don littafin yakan jera adadi uku a layi ɗaya. Notin tayar Corolla misali za ka ga 103 N·m, 1,050 kgf·cm, 76 ft·lbf, duk abu ɗaya ne, kai dai ka duba wanne ne a jikin sifanar awonka. A ƙananan bol kuma sai ya sauya zuwa in·lbf ba sanarwa, harafi biyu ne kawai suka canza amma bambancin ninki 12 ne, wanda ya karanta 80 in·lbf a matsayin ft·lbf kan bol ɗin zai tsinke a hannunsa kafin sifanar ta yi ƙara.