Maus mara waya mai sauƙin kuɗi: wanne za ka ɗauka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kayan kwamfuta, a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja, ya san yadda abin yake. Ka ce kana son maus, wato linzamin kwamfuta, mara waya wanda ba zai ƙona aljihu ba, nan take a zube maka kwalaye biyar, kowanne a ce maka "wannan orijina ne, Alhaji". Kafin launi ko kyan kwali su ja ka, fara tambayar kanka: ta wace hanya zai haɗu da kwamfutata?

Hanya biyu ce. Akwai mai ɗan fulogi, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, da ake soka wa a ramin USB. Ka soka shi, ka kunna maus ɗin, shi ke nan, ba saiti ba komai. Logitech M170 da M185 irin wannan ne, kuma kamfanin ya ce suna kamawa daga nisan mita 10. Sai kuma mai Bluetooth, irin M240, wanda ba ya cin ramin USB ko ɗaya, yana kuma aiki da tablet da wasu wayoyi. Sai dai tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa ba su da Bluetooth, kuma wani lokaci in maus ɗin ya yi barci sai ka ɗan girgiza shi kafin ya farka.

Matsalar mai fulogi ɗaya ce, amma babba: in fulogin ya ɓace, a yawancin masu araha maus ɗin ya zama kayan ado. Ni ma na taɓa yar da nawa a cikin jakar laftof, na zazzage ta kaf ban gani ba. Shi ya sa nake duba ko akwai ɗan gurbin ajiye shi kusa da batir, kamar yadda M185 yake da shi. Wanda ke son hanyoyin biyu sai ya duba Pebble M350 na Logitech, mai Bluetooth da fulogi gaba ɗaya. Siriri ne, yana shiga aljihun jaka, amma shafaffe ne ƙwarai. Mai babban hannu in ya wuni da shi zai ji a wuyan hannunsa.

Batir kuwa, a nan nake saɓa wa mutane da yawa. Masu cajin nan marasa suna, masu fitilu kala-kala, suna da ban sha'awa, amma batirin cikinsu ƙarami ne, kuma ranar da ya mutu ba ka da abin canzawa. Ga wanda ke fama da ɗauke wuta, ƙarin abin caji ƙarin ɗawainiya ne. Mai batir AA guda ɗaya ya fi kwanciyar hankali: Logitech na cewa M185 na kai wata 12, M220 kuma wata 18. Ko da bai kai hakan ba, batir na nan a kowane kanti. Ka dai sa masa wanda aka rubuta "Alkaline" a jikinsa, kuma ka cire shi in za ka daɗe ba ka yi amfani da maus ɗin ba, don batir mai yoyo yana cinye ƙarfen ciki.

Kada lambar DPI ta ruɗe ka. Ma'auni ne na yadda kibiya ke gudu a allo idan ka motsa hannu. 1000 ya wadatar wa mai rubutu, mai lissafin Excel da mai yawo a intanet. In ka ga 3200 a kwalin da ko sunan kamfani babu, kada ka ƙara ko sisi saboda ita. Mai wasan gem ne kaɗai ke da hujjar ƙara kuɗi, ya nemi irin G305 na Logitech, wanda ke aika motsi sau 1000 a daƙiƙa, alhali na ofis galibi sau 125 ne.

Mai aikin dare a ɗaki ɗaya da iyali, ko ɗalibi a ɗakin karatu, M220 ya fi dacewa da shi, domin ƙarar dannawarsa da ƙyar ake ji. A wurina shi ne zaɓin farko in kuɗin ya kai, M185 na biyu. HP da Dell da Lenovo ma suna da masu sauƙi da ba su da laifi, in dai na gaske ne.

Jabu kuwa ya cika kasuwa, kuma sunan da ya fi tashe shi aka fi kwaikwaya. Idan kuɗin ya yi ƙasa da na sauran shaguna sosai, ka tuna araha ba ta ado. Ka je da laftof ɗinka ka gwada a gaban mai shago: danna dama da hagu, murza tayar tsakiya ka ji ko tana tsallake, ja kibiya a hankali ka ga ko tana rawa. Kada ka gwada a kan gilashin shagon, don masu araha ba sa gani a kan gilashi. Shimfiɗa takarda ko littafi. In ka kai gida ya fara sarƙewa, kafin ka mayar, cire fulogin daga kusa da ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, musamman in akwai filas a jikinsa, ka maida shi ɗaya gefen. Wannan ramin yana iya dagula siginar 2.4 GHz da fulogin ke amfani da ita.