Ofishin haɗa dosiye a Garwa: takardu sun yi, amma sun taɓa min fim

Masu tambayata a kan ofishin nan da ke haɗa wa ɗalibai dosiye, wato takardun neman karatun waje, a Garwa ta Kamaru, ga abin da na gani da idona. Ba sai na kama suna ba, 'yan Garwa kun san wurin, kun kuma san abin da suke karɓa.

Bayan na gama lisans, wato digiri na farko, a Jami'ar Marwa na je wurinsu, ina neman mastar a fannin bidiyo da sauti a Faransa. A harkar takarda kam ba su da wasa. A bakinsu na fara jin cewa makarantun fasaha suna da tasu ƙofar, shafin intanet na CampusArt, kuma takardar shaidar DNSEP da suke bayarwa bayan shekara 5 matsayinsa ɗaya da mastar. Mai ofishin ya jawo kalkuleta ya buga min Yuro 615 a wata, abin da ake so ɗalibi ya nuna a lokacin kafin a ba shi biza. A canjin kusan sefa 656, ya haura dubu 400. Ya ce, "Ƙanena, je ka faɗa wa Baba tun yanzu, kada ya ji daga sama." Na ji daɗin wannan, har na tura musu abokaina biyu.

To, irin wannan karatu ba maki kaɗai ake dubawa ba, aikinka ake son a gani. Nawa fim ne na minti 9 a kan masuntan Binuwai. Sati uku ina sauka bakin kogi bayan sallar asuba da rikodar aro, na sa wa makirfo safa saboda iskar hunturu. Na kamo ƙarar filafili a cikin ruwa, da gugar kwalekwale a kan yashi, da babura can saman gada. Rana ɗaya Allah Ya ba ni hucin dorina, kusa har sai da gabana ya faɗi. Ban sa kiɗa ko na daƙiƙa ɗaya ba, da gangan. Sautin shi ne fim ɗin.

Na ba 'yan ofishin fim ɗin a kile (filashin USB), suka ce za su ɗora.

Ranar ganawa ta bidiyo da makarantar da na nema, wata malama ta tambaye ni me ya sa na zaɓi piyano. Na ɗauka intanet ce ta yanke maganar, na ce ta maimaita. Sai ta kunna min. Wallahi fim ɗina ne, masuntana ne, amma an dallara masa wani kiɗa irin na bidiyon biki tun daga farko har ƙarshe. Dorinar tana buɗe baki, ba ka jin komai sai tilin-tilin. Na yi ta bayani, gumi na keto min, ita kuwa tana gyaɗa kai irin na "Allah Ya ba da sa'a".

Ko gida ban koma ba na nufi ofishin. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "Yaya, ai na ga fim ɗin shiru ne, na ce kada Turawa su yi barci." Tsakani da Allah yake faɗa, yana jiran in gode masa.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce aikinsu ya yi, kuskure ɗaya ne. Amma yanzu na ɗauko rasit ɗin. Akwai layin da aka rubuta "montaj", na biya ina zaton kuɗin jera takardu ne. Ashe gyaran fim ake nufi, kuɗin piyano na biya! Ga kuma tafiyar da na sha: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, duk a kan dosiyen da an riga an yi wa illa. A'a, ban yafe wannan ba.

Mai neman lissafi ko aikin gona, ya je, za su yi masa. Mai fim ko sauti, ya ɗora aikinsa da hannunsa, ya sa abin kunne ya saurara har ƙarshe kafin ya aika.

Makarantar ba ta ɗauke ni ba. Da na nemi a mayar min da kuɗin montaj, mai ofishin ya kalli fim ɗin duka biyu, nawa da nasu, ya ce shi dai mai kiɗan ya fi masa daɗi.