Kafin ka ƙona data wajen sauke heda ta Linux

Wani ƙanina da ke noman rani a wajajen Kadawa ya haɗa ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da ƴar na'urar auna danshin ƙasa, zai rubuta ɗan furogiram da yaren C da zai riƙa karanta ta. Da ya ga hedar linux/i2c-dev.h, wato fayil ɗin da ke gaya wa furogiram yadda zai yi magana da Linux, a saman misalin da yake bi sai ya bugo min, wai Yaya ashe sai na sauke kanel, zuciyar Linux, gaba ɗaya? Nace kai tsaya malam, data ba ruwan Tiga ba ce.

Hanyoyin samun hedar duk kyauta ne a intanet, amma mu nan kuɗin abu shi ne megan da zai ci da kuma tsayuwa bakin titi neman sabis.

Mafi arha shi ne ƙunshin linux-libc-dev a nau'in Linux na Debian da Ubuntu, a Fedora sunansa kernel-headers, a Arch kuma linux-api-headers. Ƴan mega ne ƙalilan, kuma in ka taɓa sa build-essential, ƙunshin kayan haɗa furogiram, to yana ciki tuni, leƙa /usr/include/linux za ka gan shi zaune. Waɗannan su ne hedar da aka tace domin furogiram na waje, lambobin ioctl na ba na'ura umarni da tsarin bayanan da kanel ya yarda ya yi magana da su da kai. Da can a cakuɗe suke da kayan cikin gida na kanel, sai a Linux 3.7 a 2012 David Howells, ɗaya daga cikin masu aikin kanel, ya ware su zuwa include/uapi, kamar yadda mai gida ke ware zaure da ɗakin iyali, baƙo iyakarsa zaure. Abin da na fi so a nan, ba dole sigarsu ta zo daidai da kanel ɗin da kake kai ba, furogiram da aka haɗa da tsohuwar heda yana tafiya lafiya lau a sabon kanel don Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, baya wasa da wannan alƙawarin, to kar lamba ta bambanta ka tada hankalinka.

Shi kuwa linux-headers, wanda Fedora ke kira kernel-devel, sunan ne ke ruɗin mutane. Na mai haɗa direba ne, wato manhajar da ke sa kanel ya gane na'ura, misali ka sayo ɗan wayifai na USB a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kanel bai san shi ba sai ka bi ta DKMS, manhajar da ke haɗa direba wa kanel ɗinka. Wannan kam dole ya dace daidai wa daida da sigar kanel ɗin da umarnin uname -r ya nuna maka, yana zama a /usr/src, ya fi na farko nauyi sosai, kuma duk sanda kanel ya sabunta sai ka sake sauke sabo. Kar ka kuskura ka nuna wa furogiram ɗinka hanyar can, kurakuran da gcc mai haɗa furogiram zai zubo maka sai ka rasa ta inda za ka kama.

Cikakken kanel daga kernel.org ya haura mega 100 a matse, in ka warware ya wuce giga 1. Sai dai in kana haɗa naka Linux ɗin tun daga tushe, nan ne za ka buga make headers_install ya tace maka. Ƙanina ba ruwansa da wannan.

Akwai wata dabara da bata cin komai, ka kwafo fayil ɗin uapi guda ɗaya ka ajiye cikin aikinka, manhajoji irin su QEMU da iproute2 haka suke yi. Tana amfani in hedarka ta tsufa kuma kana son sabon abu, kamar sabon tsarin GPIO, wato filan da ake jona na'ura a kansu, da ya shigo a Linux 5.10. Amma fa heda takarda ce kawai, in kanel ɗin kansa bai kai 5.10 ba furogiram zai haɗu sumul sannan ya ƙi aiki a gona, kuma ka bar layin lasisin da ke saman fayil ɗin yadda yake.

Shi dai ƙanin nawa da ya leƙa /usr/include/linux ya tarar da i2c-dev.h ɗinsa, ko mega ɗaya bai kashe ba.