Wahaka a rana ɗaya: hanyar gabas ko ta kudu?

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki. Kin ce bayan taronku a birnin Meziko za ki leƙa Wahaka, wato Oaxaca yadda za ki gani a tikiti, kin ware rana ɗaya don kufan tsohon birnin Monte Alban, saura rana ɗaya tak kuma an ba ki zaɓi biyu, hanyar gabas wajen Teotitlan da Mitla ko hanyar kudu wajen masu baƙin tukwane da masu sassaƙa. Sannan kina tambaya me za ki ci hankali kwance tunda kin ji labarin alade da giya sun yi yawa a can.

Ni dai gabas zan ce ki bi. Sai dai in ranar taki ta faɗo Juma'a, toh nan lissafin ya ɗan canza, zan zo kansa.

Monte Alban kam ba sai na ja ba, kin yi daidai. Zapotek, 'yan asalin yankin, su suka kafa shi wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun baje kan dutse suka gina birni a sama, UNESCO ta saka shi cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1987. Ki je da sassafe don babu inuwa sam. Zinaren da Alfonso Caso ya tono a kabari na 7 a 1932 kuma ba ya can, yana gidan tarihi na Santo Domingo a cikin garin Wahaka.

Toh gabas. Titin 190 ne, ƙauyukan a jere suke a kansa. Farko Tule, bishiyar da kewayen gindinta ya kai wajen mita 42, ki tsaya minti kaɗan ki yi hoto ki wuce, kar ta cinye miki lokaci. Inda aikin yake shi ne Teotitlan del Valle, kamar kilomita 30 daga gari, ƙauyen masaƙa ne da har yau ake jin yaren Zapotek a tsakar gida da kasuwa. Darduma suke saƙawa da gashin tumaki, kuma abin da zai riƙe ki ba saƙar ba ce ma, rinin ne. Akwai wani ɗan ƙwaro fari-fari da ke manne jikin tsiron nopal mai ƙaya, su busar da shi su niƙa a dutsen niƙa, mai gidan zai ɗiba miki garin a tafin hannu ya ɗiga ruwa ki ga ja jawur, ya matsa lemon tsami ya koma ruwan goro, ya barbaɗa soda sai ga shi ya rikiɗe ya zama shanshanbale, duk a hannunki kina kallo. Wajen ƙwaro 70,000 ake tarawa kafin a sami abin da bai kai rabin kilo ba, shi ya sa zamanin mulkin Sifaniyawa bayan azurfa ba abin da ya kai shi kawo kuɗi. Shuɗin kuma baba ne, duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai gane warin tun daga ƙofa. Rawaya daga fure suke samu da ɓawon rumman.

Daga nan ki wuce Mitla, kilomita 40 da ɗoriya daga gari, kuma a nan za ki gane dalilin da na ce gabas. Bangon tsoffin gine-ginen Mitla an yi masa ado da dubban ƙananan duwatsu da aka sassaƙa aka jera su suka riƙe juna ba siminti ba komai, zanen mai hawa-hawa da zagaye-zagaye, kuma shi ɗin ne dai kika baro ana saƙawa a darduma da safe. Wurin yana raye lokacin da Sifaniyawa suka iso, har suka kwashi duwatsunsa suka gina coci a kai, ga shi nan tsaye. Kin ga tarihi da sana'a zare ɗaya ne a wannan hanyar.

Kudu fa? Ba wai ba ta da kyau ba ce. Titin 175 ne kuma ta fi kusa, San Bartolo Coyotepec bai wuce kilomita 15 ba. Can ake baƙin tukwane, babu injin juyi, faranti biyu na yumɓu ake ɗora ɗaya a bayan ɗaya a dinga juyawa da hannu. Da can tukwanen toka-toka ne marasa sheƙi na ɗiban ruwa da zuba giya, sai a shekarun 1950 wata mata Doña Rosa ta gano in aka goge su da farin dutse kafin a gasa suna fitowa baƙi wuluk suna ƙyalli. Amma ki sani mai sheƙin nan na ado ne, bai riƙe ruwa, ga saurin fashewa, ke kuma jirgi biyu ko uku ne a gabanki kafin gida. Darduma kuwa naɗewa kawai za ki yi ki cusa a akwati.

Gaba kaɗan San Martin Tilcajete, masu sassaƙa dabbobin nan masu launi kala-kala da itacen copal, alebrije. Aikin hannu ne na gaske, fentin kaɗai kan ci makonni. Sai dai masu talla za su ce miki gadon kaka da kakanni ne na Zapotek, alhali sana'ar ta ƙarni na 20 ce, Manuel Jimenez na Arrazola ya fara fito da ita, sunan ma aro ne daga aikin Pedro Linares na birnin Meziko, kuma sai a shekarun 1980 kasuwarta ta buɗe sosai. Sannan siffofin masu rai ne, kin fi ni sanin ko za su zauna a falonki. Abin da kudu ta fi gabas da shi, kuma dole a faɗa, Santo Tomas Jalieza ne, inda mata ke saƙa da masaƙar da ake ɗaurewa a ƙugu, ita ce ta asali tun kafin zuwan Turawa, don ta Teotitlan mai takawa da ƙafa da su tumakin duk Sifaniyawa ne suka kawo.

Maganar rana: kasuwar Tlacolula a gabas Lahadi take ci, ta Ocotlan a kudu Juma'a. In kin dace da Lahadi ba ma sai an yi shawara ba. In Juma'a ce sai ki bi kudu ki haɗa Ocotlan da Jalieza da Coyotepec, ba ki yi asara ba.

Abinci kuwa duk hanyar da kika bi matsalar ɗaya ce, kuma ba naman aladen da ido ke gani ba ne, kitsensa ne da ke ɓoye. Tlayuda, babbar wainar masaran nan, kafin a sa wake ana shafa mata asiento, kitsen alade kenan, haka memela, ƙaramar wainar masara. Tamal, wato alalar masara, da wake da miyar mole ma sau da yawa da manteca, man alade, ake yi. Ki haddace "sin puerco, sin manteca, sin asiento", wato ban da alade, ban da mansa, ban da kitsensa, ki faɗa tun kafin mai abincin ta ɗora a wuta. Tasajo naman sa ne, cecina da chorizo alade ne a can. Gashin akuya da tunkiya na Tlacolula ya yi suna, amma ba yankan Musulmi ba ne, wannan ki tambayi malaminki tun kina gida. Abin da babu shakka a kai: cukun quesillo, wainar masara da furen kabewa, cakulan na ruwan zafi, da fara da suke soyawa da tafarnuwa da barkono da lemon tsami, chapulines. Sai tejate, ki nemi shi wallahi, masara ce da 'ya'yan cakulan da ƙwallon wani ɗan itace mamey da wani fure, mata ke damawa da hannu a babban kasko har kumfa ta taso, a zuba miki a ƙoƙo mai jan fenti, da sanyi, babu giya ko ɗigo.

Mezcal giya ce mai ƙarfi, yawanci barasarta kashi 40 cikin ɗari zuwa sama, kuma gabas ce cibiyarta, wajen Santiago Matatlan. Kusan duk motar yawo sai ta tsaya a inda ake yi an miƙo ɗanɗano. "No tomo, gracias", wato ba na sha, na gode, ya wadatar, ba mai jin haushi. Pulque da tepache ma masu tsami ne da aka bari suka tashi, ki bar su.

Kuma kar ki yarda da motar da ke haɗa Tule da Teotitlan da Mitla da maɓuɓɓugar Hierve el Agua da mezcal duk a yini ɗaya, rabin awa za a ba ki a shagon da direba ke da kamisho, kuɗin kuma a kanki za a ɗora. Ki ɗauki tasi naki ko ki shiga ta haya da suke kira colectivo, ki sauka cikin ƙauyen ki shiga gidajen masaƙa da ƙafarki, ki ce a nuna miki tukunyar rinin. Wanda kayansa suka yi arha da yawa ga launi yana kashe ido, rinin kanti ne ko zaren roba. Ki riƙe tsabar peso don ba ko'ina kati ke aiki ba, kuma ki nemi izini kafin ki ɗauki matan kasuwa hoto, da yawansu ba sa so.